Rasuwar Mai Sanɗa a Mashigar Kufan Marke

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma miƙa wuya ga hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa, ni Malam Badamasi Lurwanu na Tudun Kaya, tsohon malamin firamare, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na ƙasar Karaye da Rogo, da duk wanda ya taɓa zama a bayana muka shiga daji, rasuwar babur ɗina mai caji, wanda aka fi sani da Mai Sanɗa. Ya cika ranar Talata da yamma, a ƙarshen watan Safar, a tsakiyar mashigar rafin da ke kan hanyar Kufan Marke. An yi mako uku ana fama da shi a shagon Liti mai gyaran rediyo, kafin Liti ya ajiye kayan aikinsa ya ce in yi haƙuri. Shekararsa biyu da wata huɗu a hannuna.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin in rubuta wannan kalma a kan ƙarfe da roba, sai da na tambayi limamin unguwarmu, Malam Abdulmutalib, don kada a ce tsufa ya sa na fara wasa da abin da ba a wasa da shi. Ya ce ko igiyar takalmin mutum ce ta tsinke, ya halatta ya faɗe ta. Na ce, "Allah gafarta Malam, ni ƙafafun ne gaba ɗaya suka tafi." Ya dube ni ya ce, "To faɗe ta, Malam Badamasi. Allah Ya musanya maka da alheri."

Marigayin haifaffen ƙasar Sin ne. Ba mu san sunan garinsu ba, domin rubutun da ke jikinsa ba a sami wanda ya iya karanta shi ba a duk faɗin ƙaramar hukumar nan. 'Yata Radiyya, wadda ke aikin jinya a birnin Kano, ita ta saye shi ta ɗoro shi a saman motar kasuwa. A lokacin fetur ya yi tashin da kowa ya sani, gwiwata ta dama kuma ta daina yarda in buga kik ɗin tsohon babur ɗina. Wata bakwai na yi ban leƙa kufai ba. Radiyya ta zo hutu ta same ni a zaure da hantsi, da rana, da yamma, a kan tabarma ɗaya. Bayan mako biyu sai ga ɗan babur ruwan toka, mai shimfiɗaɗɗen wurin ajiye ƙafa, wanda ba ya shan mai, ba a buga masa kik, makulli kawai ake murɗawa.

Ga wanda bai san Kufan Marke ba, tsohon gari ne da mutanensa suka watse tun kafin a haife ni. Yana da ganuwa ta jar ƙasa wadda a wasu wurare ta kai tsayin mutum uku, da gwalalo, wato ramin tsaro, zagaye da ita, da ƙofofi huɗu: Ƙofar Marina, Ƙofar Fatake, Ƙofar Rafi da Ƙofar Maƙera. A ciki akwai bakunan karofi, wato ramukan rini, goma sha ɗaya, waɗanda har yau in ka tona da yatsa za ka ga shuɗin baba, da rijiya guda da ta cike, da wani ƙaton marke a tsakiya wanda aka ba kufan sunansa. Tun shekarar da aka fara ba ni aji nake kai yara can sau ɗaya a shekara. Da na yi ritaya sai na ci gaba da kai manya. Ba wanda ya naɗa ni, ba ni da takarda ko riga mai tambari. In baƙo ya sauka a tashar Karaye ya ce yana neman tsofaffin abubuwa, 'yan acaɓa sun san ƙofar gidan da za su ajiye shi.

Sunan Mai Sanɗa mutanen Fulatan ne suka raɗa masa. Ranar farko da na shiga garin da shi, na tsaya a bayan wasu dattawa da ke hira a gindin dalbejiya, na yi sallama. Ɗayansu ya firgita har goron hannunsa ya faɗi. Da ya dawo hayyacinsa ya zagaya babur ɗin sau biyu, ya ce abin da ke zuwa wa mutum ba tari ba gyaran murya, ba abin yarda ba ne. Kafin in bar garin sunan ya riga ni isa Rogo Ruma.

Marigayi ba mai yawan magana ba ne. In an murɗa makulli yakan ce ɗit, ɗit, sai wata muryar mace ta fito daga ƙarƙashin fitila ta yi jimla guda da Sinanci. Mai ɗakina, Ummu Hani, ta ce cewa take a dawo lafiya. Liti ya ce a'a, cewa take a sa hular kwano. Har ya koma ga inda ya koma ba a raba gardamar ba. In yana tafiya, wani ɗan kuka yake yi siriri kamar na sauro a ɗakin maƙwabta. In caji ya kusa ƙarewa sai ya ce tit, tit, tit, a hankali, kamar mai jin kunyar roƙo. Iyakar abin da na taɓa ji daga bakinsa ke nan.

Wannan shirun shi ne babban alherinsa gare ni. Da tsohon babur, sai mun tsaya na kashe inji sannan in yi bayani, alhali rabin labarin a kan hanya yake: inda fatake ke sauke jakai su sha ruwa, inda hanyar ta karkace don ta kauce wa wani kurmi da yanzu babu shi, dutsen da mata ke hutawa da tulu. Da Mai Sanɗa kuwa ina tuƙi ina magana, baƙo yana bayana yana ji kamar muna zaune a zaure. Shanun Fulani ba sa watsewa in mun ratsa su. Zabin daji sai mun zo daf da su suke tashi. Mukan fita daga Tudun Kaya bayan an karya kumallo, mu zagaya ganuwa ta cikin gwalalo, mu shiga ta Ƙofar Rafi mu fita ta Ƙofar Maƙera, sannan mu miƙa ƙasar Rogo in nuna wa baƙo tudun kashin tama, wato baƙin dutsen da ke raguwa bayan mutanen da sun narka ƙarfe. A Rogo Ruma akwai wani mai shago da ke bari mu jona caja a solarsa muna cin abinci. Kafin magariba mun dawo gida.

Ya ɗauki ɗalibai, ya ɗauki 'yan jarida biyu, ya ɗauki wani Bature da ya yi ta goge zufa yana cewa madalla. Ya ɗauki Dakta Fatimatuzzahra, malamar jami'a, rani biyu a jere, tana zaune a kaikaice da igiyar awo a cinya. Ita ce ta auna ganuwar daga farko har ƙarshe, ta tono tsingaro ta ce ya girmi duk abin da nake zato, ta rubuta rahoto ta aika inda ake aika rahotanni. Amma wanda ba na mantawa shi ne Alhaji Mijinyawa, da ya zo tun daga Kumasi. Kakansa bafatake ne da ya bar garin nan da jakai ya tafi neman goro bai dawo ba, abin da kawai ya bar wa jikoki shi ne, gidansu yana kusa da karofi. Alhaji mutum ne mai jiki. Da ya hau, sai da tayar baya ta yi ƙasa, na ce a raina yau za a yi abin kunya. Mai Sanɗa ya ja mu a haka, a hawan gwalalo kukansa ya ƙara siriri har na tausaya masa, amma bai tsaya ba. Alhaji ya sauka a bakin karofi, ya tsuguna da ƙyar, ya shimfiɗa hankicinsa ya cika shi da ƙasa ya ƙulle. A hanyar dawowa bai ce uffan ba, ni ma na yi shiru, babur ɗin ma haka. Da injin fetur ne da ban ji lokacin da yake jan hanci ba.

Ba a faɗin aibin mamaci, amma ni malamin makaranta ne, na saba cika kowane gurbi a katin sakamako. Marigayi ba ya son rairayi. Yana da cin wuta, a garin da wuta ke zuwa kamar baƙon da ya ɓata hanya, don haka yawancin kwanakinsa a ƙofar shagon Liti ya ƙoshi. Kuma yana tsoron ruwa. A cikin ɗan littafin da ya zo da shi akwai zanen babur a cikin kogi, an ja jan layi a kai. Wannan zanen na fahimce shi sarai ba tare da na iya Sinanci ba. Ina so a san haka kafin in faɗi yadda ajalinsa ya zo.

A ranin da ya wuce, magadan gonar da kufan ke cikinta suka ba masu neman ƙasar ciko izinin ɗiba. Ganuwa ƙasa ce da aka riga aka tara wuri guda, ba sai an sha wahalar haƙa ba. Marken aka fara sarewa don ya tare wa katafila hanya, aka yi gawayi da shi. Daga nan tifofi suka fara jerin gwano. Na rubuta takardu zuwa duk ofishin da na san sunansa. Na aika wa Dakta saƙo, ta amsa daga wata ƙasa inda take ƙarin karatu, ta ce ranta ya ɓaci ƙwarai, za ta yi magana da wasu. Na je wurin dagaci. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, gona tasu ce, gado suka ci, ba ni da bakin hana su. Abu ɗaya ne zai tsayar da aikin nan. In akwai maƙabarta a ciki, ni da kaina zan kafa turaku, ba mai taɓa wurin. Amma sai an nuna min ga ta nan."

Maƙabarta akwai ta, gari ba ya rasa ta. Sai dai kaburburan sun shafe tun da daɗewa, an yi ta noma a kansu. Mutum ɗaya ya rage a duniya da zai iya nuna wurin: Iya Rekiya, wadda ta haura shekara casa'in, ƙawar mahaifiyata marigayiya Zinariya. A cikin kufan aka haife ta, lokacin da garin ya rage gida bakwai, tana da wayo aka binne uwarta a can, sannan suka taso. Rabin abin da nake faɗa wa baƙi daga bakinta na rubuta shi. Tana son Mai Sanɗa. Duk ranar da na je gaishe ta, in zan tafi sai ta sa an fito da ita ƙofar gida don ta ji na murɗa makulli. In matar nan ta yi jimlarta ta Sinanci, sai Iya ta ce, "Lafiya lau, 'yar nan."

Duk tsawon rani Iya tana kwance da ciwon ƙirji, tifofi suna ta aiki. Sai da damina ta yi nisa ta sami sauƙi. Na je na faɗa mata abin da dagaci ya ce. Ta ce, "Ɗan Zinariya, wannan ai ba wuya. Ka tsayar da ni a gindin marke, in juya wa Ƙofar Marina baya. Ko idona a rufe zan kai ka kan kabarin uwata."

Ban faɗa mata an sare marken ba. Ban faɗa mata Ƙofar Marina ta tafi tun watan azumi ba. Na ji tsoron kada ta ƙi zuwa, na kuma gaya wa kaina cewa ƙafa tana tuna abin da ido ya rasa. Wannan laifina ne, ba na marigayi ba.

Ranar Talatar, bayan azahar, jikokinta suka ɗora ta a bayana, aka ɗaure mu da zani a ƙugu kamar goyo. Ba ta fi nauyin buhun ƙaiƙayi ba. Mai Sanɗa bai taɓa tafiya a hankali kamar ranar ba, ko rami ɗaya bai bari ta ji ba. Rafin muka same shi iya idon sawu, muka haye lafiya. Iya tana ta magana a kunnena. Ta gane dutsen masu tulu. Ta nuna min inda wata ƙawarta ta taɓa faɗawa cikin ƙaya, ta yi dariya har da tari. Na ce a raina an gama, gobe dagaci zai kafa turakunsa.

Sai muka sha kwanar ƙarshe. Inda ganuwar gabas take da, wani jan rami ne mai faɗin fili biyu na ƙwallo, ruwan sama ya kwanta a cikinsa. Katafila tana can gefen arewa tana aiki. Na kwance zanin na sauke ta, na ba ta sandarta. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ɗan Zinariya, ina marken?"

Na ce, "An sare shi, Iya."

"Ƙofar fa?"

"Nan take da. Wajen ramin nan."

Na riƙe hannunta na kai ta inda nake zaton gindin marken yake. Kututturen ma an tumɓuke shi, tayoyi sun murje wurin. Ni da na yi shekara arba'in da shida ina zuwa, na kasa rantsewa a kan taku ashirin gaba ko baya. Iya ta juya yamma, ta yi taku kamar goma, ta tsaya. Ta dawo. Ta juya wani gefen, ta rufe ido, ta yi ta motsa baki tana ƙirga gidaje da sunayen masu su, ta buɗe ido ta ga ruwa a gabanta. Mun fi awa guda a haka. Ni kuma ina leƙa bangon ramin ina neman abin da ba na son in gani, wato ƙasusuwan mutane. Ban ga komai ba, ban kuma san ko in yi murna ba.

Daga ƙarshe ta zauna a kan wani curin ƙasa ta ce, "Ba nan ba ne. Garin wasu ka kawo ni." Na fara yi mata bayani, ta ɗaga hannu. "Mayar da ni gida, sanyi nake ji."

Ko ɗigo ba a yi a kanmu ba ranar, amma can yamma hadari ya zuba. Da muka iso mashiga, rafin ya cika ya yi jajir, yana tafe da karare. Akwai wata hanya ta zagaye, amma tun kafin mu iso Mai Sanɗa ya fara tit, tit, tit, na san ba zai kai rabinta ba. Rana ta yi ƙasa, Iya tana rawar ɗari a bayana. Na sauke ta a kan wani dutse, na ce bari in tura babur ɗin in haye da shi ta inda na san ba zurfi, in dawo in goya ta. Abin da ban lissafa ba shi ne, tayoyin tifa sun yi wata da watanni suna cin ƙasan mashigar. A tsakiya tayar gaba ta zurma, gwiwata ta ƙi riƙe ni, muka tafi tare. Ruwa ya rufe wurin ajiye ƙafa, inda batir yake kwance.

Fitilarsa ta kama da kanta. Ba wanda ya taɓa makulli, amma matar nan ta fara jimlarta, ta katse, ta sake farawa, ta katse. A karo na uku ta kai rabi sai muryar ta ja ta yi kauri, ta tsaya. Daga bakin rafi na ji Iya ta ce, "Lafiya lau, 'yar nan." Sai warin ƙonanniyar roba ya taso, fitilar ta mutu.

Ina durƙushe a ruwa ina riƙe da kansa don kada rafi ya tafi da shi, tifar ƙarshe ta ranar ta iso. Direban ya duro bai ko tsaya cire takalmi ba. Badaru ne, ɗalibina, wanda na koyar a aji biyar, na kuma kai su kufai da kaina. Ya ce, "Sannu Malam. Ba ka ji ciwo ba? Saki, na riƙe shi." Shi da leburori biyu suka ɗaga Mai Sanɗa suka kwantar da shi a bayan mota, a kan jar ƙasar da suka ɗebo. Ya cire rigarsa ta sama ya lulluɓa wa Iya, ya ɗauke ta cak ya sa a gaba. Muka kama hanya, ita a tsakiya.

Wajen dutsen masu tulu na ce, "Badaru, ka tuna sunayen ƙofofin?"

Bai ɗauke ido daga hanya ba ya ce, "Ƙofar Marina, Ƙofar Fatake, Ƙofar Rafi, Ƙofar Maƙera." A jere, yadda na koya musu. Bayan ɗan lokaci ya ce, "Ta Fatake ce a bayan motar nan, Malam. Yau muka gama ta." Ya ƙara da cewa, "In ban ɗauka ba wani zai ɗauka. 'Ya'yana shida." Muka isa gari. Ya kai Iya har ɗakinta, ya kai gawar ƙofar shagon Liti, ya kai ni gida, ya durƙusa ya gaida Ummu Hani.

Liti ya yi jinya iya jinya, ina shaida masa. Ya kwance marigayi gunduwa-gunduwa ya shanya a rana kwana uku. Ya tura ɗan akwatin da ya ce shi ne ƙwaƙwalwar cikin buhun shinkafar matarsa don ta tsotse ruwan. Ya aika hoton abin birni, aka ce irin wannan ba a kawo shi. A rana ta goma sha ɗaya ya jona waya, fitilar ta yi ƙyaf, ya aiko a kira ni. Kafin in ɗingisa in isa ta sake mutuwa, batirin kuma ya kumbura kamar fanke. Ranar Litinin da ta wuce ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Malam, na yi iya yina. Ko birni ka kai shi wahalar da shi kawai za ka yi. Ka yi haƙuri."

Iya Rekiya tana nan da rai, alhamdu lillahi, zazzaɓin da ta yi bayan ranar ya sauka. Na sa an kai ni na gaishe ta. Ta amsa gaisuwa da kyau, ta tambayi gwiwata. Da na ɗauko maganar kufai, ko za ta iya kwatanta min da baki nisan maƙabartar daga rijiya, sai ta ce ita ba ta tuna komai, tsufa ya cinye. Ta juya ta fuskanci bango. Dagaci ya aiko min da jaje, ya ce har yanzu yana kan bakansa, in an nuna masa wurin zai kafa turaku.

Radiyya ta bugo waya ta ce, "Baba, kada ka sa abin a ranka, in sha Allah za a sami wani."

Na ce, "In je ina da shi?"

Ta ce, "Ko masallacin Juma'a, Baba." Gaskiya ta faɗa. Na ce mata ta bari tukuna.

Marigayi ya rasu ya bar caja guda, lafiyarta ƙalau, wadda ba ta shiga bakin komai a garin nan sai nasa. Ya bar makulli biyu da hular kwano. Ya bar yayansa, tsohon babur mai fetur, wanda ke jingine a zaure shekara uku kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. Ya bar Ummu Hani, wadda ya kai asibiti sau huɗu bai girgiza mata baya ba, wadda kuma har jiya na ga ta share wurin da yake kwana ta kewaye shi kamar yana nan. Ya bar littattafan rubutu tara cike da labarin garin da ba a iya nuna shi. Ya bar ni. Daga ganuwar da muka zagaya tare sau ɗari da wani abu, ya bar ɓangaren kudu, taku ɗari biyu da talatin, da Ƙofar Rafi a tsakiyarsa.

Game da jana'iza, ba za a yi masa wanka ko salla ba, na san iyakata. Liti ya roƙi tayoyi da gilashin fitila, an ba shi. Batirin ya ce kada a binne kada a ƙone, zai kai shi birni wurin masu karɓarsa. Gangar jikin kuma 'yan gwangwan za su zo su ɗauka ranar kasuwa.

Kafin nan, ranar Asabar mai zuwa in Allah Ya kai mu, za a ɗora shi a amalanken maƙwabcina Kabir, ni ma a ɗora ni kusa da shi, a kai mu Kufan Marke. Za a bi da shi gefen abin da ya rage na ganuwa daga wannan baki zuwa wancan, a shiga da shi ta Ƙofar Rafi, a sauke mu. Badaru ya aiko cewa ya roƙi mai katafila, ba za su taɓa ɓangaren kudu ba sai Litinin. A nan za a yi zaman makoki, na yini ɗaya. Zan buɗe littattafan nan in faɗi labarin garin tun daga wanda ya fara haƙa rijiya har zuwa gida bakwai na ƙarshe, ba zan tsallake komai ba.

Ba a buƙatar kowa ya kawo abinci ko gudunmawa. Mai zuwa ya zo da tabarmarsa da ruwan sha da lema, domin babu inuwa a wurin. Mai babbar waya ya zo da ita a cike da caji, ya ɗauki abin da zai iya ɗauka. A mashiga a bi ta hannun hagu, a guji tsakiya.

Za a fara ƙarfe tara na safe. Zan jira har goma. In ba wanda ya zo zan fara duk da haka, saboda da la'asar Kabir yana buƙatar shanunsa.

Sanarwa daga Malam Badamasi Lurwanu, Tudun Kaya, a madadin iyalai.